Mai jegon da ta daina kwanciya: nazarin wani lamari na gajiya da rashin barci

Matar shekararta 24, haihuwarta ta uku ke nan, kuma jaririnta yana da mako bakwai ranar da aka kawo ta asibiti. A katinta layi ɗaya aka rubuta: gajiya da rashin barci. Maigidanta ne ya faɗi haka a wurin yankar kati, ita ba ta ce komai ba. Mahaifiyarta, wadda ta tare a gidan tun ranar suna don ta kula da wankanta, ita ke goye da yaron. Na ɓoye sunanta da garinsu.

Duk wanda ya yi aiki a asibitin gwamnati a ƙasar Hausa ya san yadda ake karɓar irin wannan kuka daga bakin mai jego. Wace mai jego ce ba ta gajiya? Wace ce ke barci? Ga shayarwa dare da rana, ga jinin da ta zubar, ga sauran yara. Sai a rubuta mata maganin ƙarin jini da farasitamol, a ce ta riƙa hutawa, a kira na gaba. Sau da yawa hakan ya wadatar. A wannan matar bai wadatar ba, kuma abin da ya bambanta ta da sauran yana cikin labarin barcin nata, tun kafin a taɓa jikinta.

Yadda abin ya faro

A gida ta haihu, a hannun ungozoma, ba tare da doguwar naƙuda ko zubar jini mai yawa ba. Awon ciki sau biyu ta je. A zuwa na biyu an ce jininta ya hau, an ba ta magani, ta sha har ya ƙare ba ta koma ba. A watan ƙarshe ƙafafunta sun kumbura, tana yawan ciwon kai, amma ba ta yi jijjiga ba. Mace ce marar jiki tun asali.

Har aka yi suna lafiyarta ƙalau, a cewar mahaifiyar. Wajen kwana goma bayan suna ta fara cewa jikinta ba ƙarfi. Shara ta gagare ta, sai ta yi rabin tsakar gida ta nemi wuri ta zauna. Daga ɗaki zuwa banɗaki sai ta tsaya ta dafa bango. Bayan mako guda ta koma yin salla a zaune, ba don ƙafa ba, sai don idan ta sunkuya ruku'u ko ta kai goshi ƙasa numfashinta ke ɗaukewa. Ga wani busasshen tari da ke tasowa da daddare. Abinci kuwa loma biyu sai ta ce cikinta ya cika.

Maigidan bai zauna ba. Ya kai ta wani kemis, aka ɗebi jini aka ce taifod ce da maleriya, aka yi mata allurai na kwana uku, aka ƙara mata ruwa leda biyu saboda an ga ta galabaita. Aka haɗa mata da diclofenac don ciwon jiki, da maganin ƙarin jini na kwalba. Da ta ci gaba da kukan ba ta barci, aka ba shi diazepam ya riƙa ba ta guda kafin kwanciya. Daren da aka ƙara mata ruwa, in ji shi, shi ne daren da ya fi kowanne muni: a bakin ƙofa ta kwana tana haki. Bai danganta abin da ruwan ba, ya ɗauka ciwon ne ke ƙaruwa.

Tambayar da ta buɗe lamarin

Na ce mata, "Malama, da daddare yaron ne ke hana ki barci?" Ta girgiza kai. Mahaifiyarta ta karɓe: "Likita, ai yaron a wurina yake kwana, sai zai sha nono nake miƙa mata shi. Ita ce dai ba ta kwanciya." Na ce, "Inna, ba ta kwanciya kamar yaya?" Ta ce kusan mako uku ke nan 'yarta ba ta sa haƙarƙarinta a katifa ba. Da farko filo biyu ta riƙa haɗawa, sannan uku, daga baya aka naɗe tabarma da bargo aka jingina mata a bango, a haka take gyangyaɗi. Idan barci ya sace ta ta zame ta kwanta, bayan awa ɗaya ko biyu sai ta zabura tana tari, ta rarrafa ƙofa tana neman iska. A nan ne matar ta yi magana da kanta, tana tsayawa tsakanin kalmomi: "Ji nake kamar ana shaƙe ni."

Rashin barci iri-iri ne, kuma kowane iri yana nuna inda za a duba. Akwai wadda take kwance lafiya amma barcin ya ƙi zuwa saboda tunani. Akwai wadda ƙafafunta ke damunta da wani irin motsi da tsuma sai ta tashi ta taka, wanda ake yawan gani ga masu ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini. Akwai mai tashi fitsari sau biyar saboda ciwon suga, da mai farkawa sharkaf da gumi saboda tarin fuka, da mai minshari wanda numfashinsa ke tsayawa yana barci. Ita wannan barci take ji sosai, kwanciyar ce jikinta ya ƙi. Wanda ba ya iya miƙewa a shimfiɗa sai numfashi ya sarƙe, kuma yana zabura cikin dare yana neman iska, zuciyarsa ake fara tuhuma har sai an wanke ta.

Dalilin ba mai wuyar ganewa ba ne. Da rana, mutum yana zaune ko tsaye, ruwan da ya yi wa jiki yawa yana taruwa a ƙafafu da ciki. Idan ya kwanta sai ruwan ya koma cikin jijiyoyin jini ya nufi ƙirji. Lafiyayyar zuciya tana tura wannan ƙarin ba tare da mai ita ya sani ba. Zuciyar da ɓangarenta na hagu ya raunana ba ta iyawa, sai jinin ya taru a jijiyoyin huhu, ruwa ya tsattsafo cikin huhun. Wannan komawar ruwan tana ɗaukar lokaci, shi ya sa mutum kan samu barcin awa ɗaya ko biyu kafin ya zabura. Da ya tashi zaune ya sauke ƙafa, ruwan ya sake gangarawa, sai ya ji sauƙi. Gajiyar ma daga nan take: tsokokin jiki ba sa samun jinin da suke buƙata, ga kuma mako uku ba barcin kirki. Cikar ciki kuwa hanta ce da hanji suka cika da jinin da ya kasa wucewa.

Abin da aka gani a jikinta

Bugun zuciyarta 118 a minti, numfashi 30, awon jini 100 bisa 70, iskar da ke jininta kashi 90 cikin ɗari. Ba zazzaɓi. Tana jingine a kan gadon gwaji, jijiyar wuyanta ta ciko har kusa da muƙamuƙi, ana ganin tana harbawa. Na danna yatsa a ƙaurinta na ɗaga, ramin ya zauna bai ciko ba, kuma kumburin ya kai gwiwa. Zanenta ya yi mata shaida a ƙugu. A ƙasan huhunta biyu ana jin ƙarar ruwa, bugun zuciyar ya gusa gefe daga inda ya kamata a ji shi, hantarta ta sauko tana mata zafi idan an taɓa. Idonta ya ɗan yi fari.

Duk da haka ba a tsaya a kan zuciya kaɗai ba, domin mai jego tana iya haɗa ciwo biyu ko uku, kuma kowane ɗaya cikinsu yana kawo gajiya da lalacewar barci. Ƙarfin jininta ya nuna 9.2, ƙasa da 12 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a matsayin iyaka ga macen da ba ta da ciki. To akwai ƙarancin jini, amma 9.2 ba ya hana mace kwanciya, kuma ba ya ciko jijiyar wuya. Gwajin maleriya bai nuna komai ba. Taifod ɗin da aka ce tana da ita da gwajin Widal aka gano, gwajin da shi kaɗai ba ya tabbatar da ciwon a ƙasar da mutane da yawa suka taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar, kuma ba ta taɓa yin zazzaɓi ba tun farkon rashin lafiyar. An gwada majinarta don tarin fuka, an yi gwajin HIV, an duba suga da ƙoda, duk lafiya. An duba tayirod, wato ƙullutun gaban wuya, domin wasu mata yana kumbura musu a shekarar farko bayan haihuwa, ya kawo faɗuwar gaba da rashin barci da farko, daga baya kasala da jin sanyi. Nata daidai yake. Nononta yana zuba sosai kuma ba ta yi zubar jini mai yawa ba, wannan ya kawar da zargin lalacewar ƙullutun ƙwaƙwalwa da kan biyo bayan zubar jini a haihuwa.

An kuma tambaye ta halin da ranta ke ciki, ita kaɗai, bayan an nemi maigidan da mahaifiyar su ba da wuri. Ciwon damuwa bayan haihuwa ba ƙaramin abu ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan mace ɗaya cikin biyar a ƙasashe masu tasowa tana samun matsalar da ta shafi tunani bayan haihuwa, galibi damuwa. Ta ce tana son ɗanta, ba ta jin ta tsani rayuwa, tsoro ne dai ya cika ta, don ta ɗauka mutuwa za ta yi a wani daren. Wannan tsoron yana da dalili.

Hoton ƙirji ya nuna zuciya ta buɗe, huhu ya jiƙe. Hoton zuciya na eko, wanda sai da aka tura su babban asibiti a birni kafin a samu, shi ya yanke magana. Ɗakin hagu na zuciyar ya faɗaɗa, bangonsa yana motsi da ƙyar. A kowane bugu lafiyayyar zuciya tana fitar da fiye da rabin jinin da ke cikin wannan ɗaki, kashi 55 ko sama. Tata kashi 28 take fitarwa. Ƙofofin zuciyar ba su da tabon tsohon ciwo, ba a kuma ga gudan jini a ciki ba. Raunin zuciya ne na masu jego, wanda likitoci ke taƙaitawa PPCM: zuciya ta gaza a ƙarshen ciki ko a watannin bayan haihuwa, abin da take fitarwa ya sauka ƙasa da kashi 45, kuma ba a sami wani dalili ba.

Ciwon da ya fi yawa a ƙasarmu

Wannan ciwo ana samunsa ko'ina a duniya, amma arewacin Najeriya yana cikin wuraren da ya fi yawa a doron ƙasa. A Zariya, likitoci biyu, Davidson da Parry, sun wallafa bayanin mata 224 a shekarar 1978, suka ƙiyasta cewa wajen haihuwa ɗaya cikin ɗari a tsakanin matan Hausawan garin tana ƙarewa da gazawar zuciya. Bincike a Sakkwato a 2007 ya sami adadi kusan iri ɗaya. A baya-bayan nan Farfesa Kamilu Musa Karaye na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranci wani rajista mai suna PEACE, wanda ya tattara mata sama da 400 daga asibitoci 22 a faɗin Najeriya. Mafi yawansu daga arewa maso yamma suka fito. Cikin waɗanda aka bi sawunsu, kusan ɗaya cikin biyar ta rasu kafin a cika shekara biyu. Wannan adadin shi ke sa ni jin nauyi duk lokacin da na ga an sallami mai jego mai haki da kwalbar maganin ƙarin jini.

Masu binciken Zariya sun ɗora zargi a kan al'adun jego: wankan tafasasshen ruwa safe da yamma har arba'in, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, da kunun kanwa, kanwar da ke cike da sinadarin sodiyam irin na gishiri, mai riƙe ruwa a jiki. Shekaru da yawa haka aka koyar. Binciken PEACE bai sami wannan alaƙar ba. Abin da ya fito fili shi ne hawan jinin masu ciki, da ramar jiki, da rashin karatun boko da rashin abin yi, wato dai talauci. A Yamai tun 1992, daga baya kuma a Kano, an ga sinadarin seleniyam ya yi ƙasa a jinin masu wannan ciwo fiye da sauran masu jego. Binciken da aka yi a Jamus ya nuna wani gutsuren sinadarin da ke kawo ruwan nono yana iya lalata ƙananan jijiyoyin zuciya, wasu matan kuma akwai gado a lamarinsu. Matar nan ta yi hawan jini lokacin da take da ciki, tana da rama, ba ta yi makaranta ba.

Na daɗe a kan wannan saboda mahaifiyar. Da ta ji an ce zuciya, tambayarta ta farko ita ce, "Likita, ko wankan ne? Ni na yi mata shi da hannuna." Na ce, "Inna, ba ke kika sa mata ba. Mata nawa kika yi wa wanka suka tashi lafiya?" A ganina ɗora wa iyaye mata laifin wannan ciwo zalunci ne, kuma yana korar su daga asibiti, alhali su ne ke kwana da majinyaciya. Amma na gaya mata gaskiya ta biyu: ko da kanwa ba ita ta kawo ciwon ba, zuciyar da ta riga ta raunana ba ta iya ɗaukarta. Daga ranar ba kanwa, ba ruwa mai ƙuna, gishiri da dunƙulen miya a rage sosai. Ta karɓa ba gardama.

Abubuwan da aka yi mata a kemis kuwa, kowanne ya ƙara wa ciwon ƙarfi. Leda biyu na ruwa a jijiya, ga zuciyar da ruwa ya riga ya fi ƙarfinta, kai tsaye huhu suka nufa. Diclofenac da danginsa irin su ibuprofen suna sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa. Diazepam kuwa yana danne numfashi, yana kuma danne zaburar da ke tashin ta zaune lokacin da huhunta ya cika. Ƙarin ruwa ya zama abin da jama'a ke nema da bakinsu duk lokacin da jiki ya mutu, har wani yana ganin ba a kula da shi ba idan ba a rataya masa leda ba. Mai kumburin ƙafa da haki bai kamata a rataya masa ba sai likita ya saurari ƙirjinsa.

Magani da abin da ya biyo baya

An kwantar da ita, a jingine, aka sa mata iskar oksijin, aka fara allurar furosemide, wadda mutane suka fi sani da Lasix, don fitar da ruwan ta fitsari. An dakatar da duk magungunan kemis in ban da na ƙarin jini, wanda aka mayar ƙwaya. Ana auna nauyinta kowace safiya. A mako guda ta sauke kilo biyar, duk ruwa ne. Da awon jininta ya daidaita aka shigo da magungunan da ke taimaka wa zuciya, enalapril kaɗan-kaɗan, sannan spironolactone, bayan huhu ya bushe aka ƙara bisoprolol. Saboda ƙarfin zuciyar ya yi ƙasa sosai, ga kuma jinin mai jego yana saurin daskarewa, an sa mata maganin hana gudan jini.

An tattauna batun bromocriptine, maganin da ke tsayar da ruwan nono, wanda wani ƙaramin gwaji a Afirka ta Kudu a 2010 ya nuna yana taimaka wa zuciyar irin waɗannan mata ta farfaɗo. Matsalar ita ce yaron. Gidan ba su da kuɗin madarar gwangwani na wata da watanni, ruwan rijiya suke sha, kuma jaririn mako bakwai da aka cire daga nono a irin wannan hali gudawa na jiransa. Tun da ta fara samun sauƙi da sauran magungunan, kuma waɗanda aka zaɓa mata ana iya shayarwa da su, aka bar ta ta ci gaba da ba shi nono. Da jikin nata ya ƙi, da shawarar ta canza.

A dare na huɗu ta yi barcin awa biyar a kan filo biyu, ba tare da ƙwayar barci ko ɗaya ba. Ma'aikaciyar jinya ce ta rubuta haka a takardarta. Kafin a sallame ta a kwana na goma sha biyu tana kwanciya da filo ɗaya, tana zagaya ɗakin jinya da ƙafarta, ta kuma koma salla a tsaye.

Maganar da ta fi wuya da maigidan aka yi ta. An gaya masa cewa wani cikin kafin zuciyar ta warke yana iya kashe ta, ko bayan ta warke ma sai da sa idon likitan zuciya. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Likita, ranta ya fi min." Ƙwayoyin tazarar haihuwa masu sinadarin istirojin ba su dace da ita ba saboda haɗarin gudan jini, don haka aka sa mata ashanar hannu kafin su tafi. An kuma koya wa mahaifiyar abin da za ta riƙa lura da shi: yawan filon da 'yarta ke buƙata, da kumburin ƙafa, da tarin dare.

A wata na uku ta daina shan magani. Ta ji ƙarfi, kuɗi ya yanke, kuma wata maƙwabciya ta ce mata shan ƙwaya kullum yana lalata ƙoda. Mako uku bayan haka mahaifiyar ta ga ta sake jawo filo na biyu, washegari ta sa maigidan ya kawo ta. Wannan karon ba a kai ga kwantar da ita ba, an mayar da magungunan, an zauna da shi aka lissafa abin da za su ci a wata, aka zaɓi masu sauƙin kuɗi.

Hoton zuciya na wata shida ya nuna kashi 41. Ta ƙaru daga 28, amma ba ta kai 50 da ake kira warkewa ba. Ƙarfin jininta ya hau 12.1. Tana barci a miƙe, tana girki da shara, ɗaukar ruwa daga rijiya ne har yanzu aka hana ta. Za ta ci gaba da enalapril da bisoprolol da spironolactone, furosemide kuwa sai ranar da nauyinta ya hau ko ƙafa ta kumbura. Za a sake hoton idan yaron ya cika shekara, kuma ba za a taɓa ashanar ba kafin a ga sakamakonsa.